Zan Zo da Baki

Masu damuna a akwatin saƙo wai ina labarin Mai Kwat ya kwana, ku gyara zama, yau zan sauke muku kayan gaba ɗaya. Ke kuma da kika rubuto min "ke dai kin cika zaɓe", ki daure ki karanta har ƙasa, sannan ki dawo mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da tara, kuma ƙaramar malama ce a Tsangayar Kimiyyar Zamantakewa ta jami'armu. Wannan sunan kaɗai ya ishe ni fitina a wurin Gwaggo, yayar Baba.

"Auta, shekara nawa kika yi kina karatun zamantakewar nan?"

"Bakwai, Gwaggo, har da digiri na biyu."

"Yanzu kuma koyar da ita kike yi?"

"Eh."

"To da wa kika taɓa zama?"

Na yi mata bayani har bakina ya bushe cewa nazarin al'umma ne, ba darasin zaman aure ba. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai koyar da ɗinki da ba ya da keke ba. Ranar da ta ji wanda ke nemana malami ne a Sashen Tattalin Arziki kuwa, har da ɗaga hannu sama. "Tattali ya karanta? Shi ke nan, an samu mai tattalin mace!" Ban gaya mata biskit ɗaya yake raba mana biyu ba.

Shi ne Mai Kwat. Dakta ne, dogo, ko rana na narka kwalta sai ya sa kwat da taye. Kuma ina son shi, kada ku ga ina zolaya. Shi kaɗai ne namijin da na taɓa gaya wa abin da nake bincike a kai bai duba agogo ba. In na fito daga aji murya ta dushe, zan tarar da ruwan ɗumi a kan teburina da 'yar takarda a ƙarƙashin kofin. Shekara biyu muna haka.

Matsalar ɗaya ce: Baba.

Baba Farfesa ne mai ritaya, shi ne shugaban farko na Sashen Kimiyyar Siyasa. A falonmu, saman kujerarsa, akwai wata takarda a cikin firam da ta girme ni. Takardar kafa sashensa ce, an buga mata huɗu ga wata. Takardar kafa Sashen Tattali kuwa biyar ga wata take. Kwana ɗaya. A kan kwana ɗayan nan Baba ya yi shekara arba'in yana taka ƙasa da ƙarfi. Hotunan aurensa suna cikin durowa, amma firam ɗin nan duk Juma'a sai an goge shi. Shugaban farko na Tattali, wanda ɗalibai ke kira Farfesa Tsimi, har yau yana nan bai yi ritaya ba, yana ta ƙarin wa'adi kamar batirin tsohon rediyo. Rabonsu da gaisawa da Baba tun ban iya tafiya ba. Kuma shi ne ubangidan Mai Kwat.

"Ɗan ƙanin sashe?" in ji Baba, ranar da Umma ta kai masa maganar. "Duk mazan jami'ar nan sun ƙare ne?"

Wata huɗu Umma tana lallaɓa shi kafin ya ce to, yaron ya zo ranar Asabar da babbansa, ya gan su sau ɗaya. Sau ɗaya, ya nanata. In zaman ya yi kyau, shi ke nan. In bai yi ba, kada a sake kawo masa zancen. Ku riƙe wannan Asabar ɗin, don a kanta komai nawa ya rataya.

Ranar Litinin Mai Kwat ya turo min saƙo, ina zaune kusa da Umma tana tsinke zaren gefen labule. Na miƙa mata wayar cikin murna. Ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi:

"Ki gaya wa Baba insha Allahu ranar Asabar zan zo da baki."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Da baki zai zo?"

"Baƙi yake nufi, Umma."

"Ba haka ya rubuta ba. To ya zo da bakin, mu ma Allah bai hana mu ba."

Umma ke nan. Kafin aure ta yi aikin buga tafireta, "a wani ofis" kamar yadda take cewa kullum ta rufe zancen. Tafiretocin lokacin ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai an gama bugu a bi da biro ana sa wa haruffa ƙugiya da hannu. Aikin ya bar ta, ita ba ta bar shi ba. Koren biro take ajewa a jaka. Kalandar kicin, takardar magani, katin gayyata, duk abin da ya shigo gidanmu babu ƙugiya sai ta sa masa. Tata ƙugiyar ma daban ce, tana lanƙwasowa ta yi 'yar wutsiya a ƙarshe. Duk littattafaina na firamare da wutsiyoyin nan na gama su.

To, a ofis kuma bana tsangayarmu ke cika shekara arba'in, aka kafa kwamitin rubuta tarihi. Farfesoshi shida ne, ɗaya daga kowane sashe, sai ni sakatariya, wato su ke shan shayi, ni ke rubutu. Zama tara muka yi, ba mu wuce shafin farko ba, saboda ba a yarda da wane sashe za a fara jerowa ba.

Bari in ba ku tarihin a taƙaice, irin wanda ba zai shiga littafi ba. Tsangayar ta fara ne a ɗaki ɗaya a bayan laburare, da tebur biyu da tafireta ɗaya, Siyasa a dama, Tattali a hagu. Sashenmu na Nazarin Zamantakewa ya ɓalle daga Siyasa bayan shekara shida. A rubuce an ce "bunƙasar ilimi" ce ta kawo haka, amma tsofaffin masinjoji sun ce a kan butar dafa shayi aka yi faɗan. Labarin Ƙasa korowa aka yi daga Tsangayar Kimiyya saboda taswirorinsu sun cinye kabad, har gobe suna zaune da mu kamar 'yan haya. Halayyar Ɗan Adam daga cikinmu ya fita, don wasu daktoci biyu masana halayya sun kasa jure halin juna. Aikin Jarida ne ɗan auta, su ne masu na'urar sanyaya ɗaki, su ne kuma na ƙarshe da ke jin labarin duk abin da ya faru a ginin.

A zama na tara wakilin Labarin Ƙasa ya ce a jera bisa haruffa. Wakilin Jarida ya goyi baya da sauri, don ya lissafa "Aikin" ne zai zo farko. Wakilin Halayya ya ce shi ya fahimci abin da ke damun kowa tun yarinta. Farfesa Tsimi ya buga tebur ya ce shi bai taɓa yarda da kwana ɗayan nan ba. A ƙarshe Shugaban Tsangaya ya dafe kai ya ce, "Sakatariya, sauka ɗakin fayiloli ki nemo mana asalin takardun, kowa ya huta."

Ranar Laraba da hantsi na sauka. Ɗakin a ƙarƙashin matakala yake, kwan fitila ɗaya, fanka matacciya, fayiloli har rufi an ɗaure su da igiya. Sabon farin mayafina ya koma ruwan ƙasa kafin awa ɗaya. Can ƙasan wani kwali na ga fayil mai lamba ɗaya.

Takardar Siyasa tana nan, huɗu ga wata, tsaf. Takardar Tattali tana nan, biyar ga wata. Sai dai da na ɗaga ta saitin fitila, na ga wurin kwanan watan ya yi sirara, haske na ratsa shi. An kankare da reza an sake bugawa. A bayanta kuma kwafin kabon ne manne da tsatsattsen fil, wanda mai kankarewar ya manta da shi. Uku ga wata.

Uku! Wato Tattali ne wa, Siyasa ƙane. Firam ɗin falonmu shekara arba'in yana rataye a kan aikin reza.

A nan na yi wautar da har yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Kun san yadda in abu ya ba ka mamaki, mutum ɗaya ne ke fara faɗo maka a rai. Na ɗauki hoton takardun biyu na tura wa Mai Kwat.

"Kalli abin da na tono. Don Allah tsakanina da kai. In Baba ya ji kafin Asabar mun shiga uku."

Nan take alamun saƙon suka yi shuɗi, ya karanta. "Kai! Haba Malamata, ni da wa zan yi zancen? Bakina alekum."

Na yi murmushi, na koma in mayar da takardun. A lokacin ne idona ya sauka a kan haruffan. Duk wata ƙ da ɗ da ke cikin takardar an bi ta da koren biro. Ya koɗe, amma ana gani. Kowace ƙugiya ta lanƙwaso, ta yi 'yar wutsiya.

Na zauna a kan kwalin.

Ban jira tashi ba, na ce kaina ke ciwo na tafi gida. Na tarar da Umma a ɗakinta tana guga, rigunan Baba jere a kan gado. Na rufe ƙofa na sa mata hoton a gaba. Ta daɗe tana kallo, har na fara jin ƙaurin kwalar rigar.

"Umma, wane ofis ne 'wani ofis'?"

Ta ɗaga dutsen gugar ta jingine. "Ashe ban yage kabon ɗin ba."

"Ke kika kankare?"

"Da hannuna. Reza sabuwa ce ma."

"Me ya sa?"

"Ba zancen yara ba ne."

"Shekarata ashirin da tara."

"Gwaggonki ta fi ki sanin haka." Ta karɓe wayar ta ƙara girman hoton. "Wa ya gani bayan ke?"

Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"Mai zuwa da baki?"

"Ya yi min alkawari, Umma. Ba halinsa ba ne."

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta dai miƙo min wayar ta ce, "Allah Ya sa. Ni dai na taɓa sanin wani ɗan Tattali." Ta ci gaba da gugarta.

Alhamis da Juma'a na yi su ne kamar mai jiran sakamakon asibiti. Sau uku ina tambayarsa, sau uku yana rantsuwa. Da na ce ya goge hoton ya turo min 'yar fuskar nan mai zif a baki. Na tambaye shi wa zai rako shi, ya ce babban mutum ne da Baba zai ga girmansa. Na ɗauka kawunsa ne, ban sake tambaya ba.

Asabar ta zo. Tun safe Gwaggo ta iso da jakar kwalliyarta, ta sa ni canza kaya sau uku. Ta ƙi shuɗiyar doguwar riga wai ta mayar da ni shugabar makaranta, ta ƙi ruwan toka wai kamar mai zuwa ta'aziyya. Muka tsaya a kan mai ruwan zuma da ƙananan duwatsu a wuya. Aka fito da kofunan baƙi masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai shekara-shekara. Baba ya sa babbar rigarsa ta taro, ya goge firam da kansa duk da an goge jiya, ya zauna a ƙarƙashinsa.

Ƙarfe huɗu mota ta tsaya. Na leƙa ta labulen kicin. Mai Kwat ya fito cikin sabuwar kwat baƙa, ya zagaya da gudu ya buɗe ƙofar baya. Sanda ta fara fitowa, sai ƙafa, sai Farfesa Tsimi, da babban ambulan a hammata.

Gwaggo ta ce, "Wannan ne uban? Ai kuwa da ganinsa ka ga mai tattali, dubi takalmin."

Umma ta ajiye cokalin da ke hannunta a hankali.

Na laɓe a bayan ƙofar falo. An gaisa, irin gaisuwar da kowa ke kallon bango. Na jira in ji an ce "mun zo ne a kan 'yarku". Wallahi na jira. Abin da na ji shi ne ƙarar buɗe ambulan.

"Kafin mu shiga abin da ya kawo mu," in ji Farfesa Tsimi, "akwai ɗan gyara na ilimi. Ka san mu ba ma gini a kan alƙaluma marasa inganci."

Na leƙa. Hotona ne, wanda na ɗauka da wayata, har da gefen ɗan yatsana a kusurwa. An buga shi a takarda mai faɗin tire, an zagaye "uku" da jan biro. Mai Kwat yana zaune a gefen kujera yana nazarin igiyar takalminsa kamar a kanta zai rubuta digiri na huɗu.

Baba ya sa tabarau. Ya karanta, ya sake karantawa. Na sha yi wa firam ɗin nan dariya a bayan idonsa, amma ranar dariya ba ta zo min ba. Ya ɗora takardar a gwiwa. Tausayinsa ya kama ni, kuma ni na jawo masa.

"Daga ina wannan ta fito?"

"Daga hannun sakatariyar kwamiti," in ji Farfesa Tsimi, har da murmushi. "'Yarka. Yarinya mai gaskiya. Abin da ya rage shi ne a gano ɓarawon da ya kankare, ko da yake wanda ya ci riba ai sananne ne."

"Ni kake kira ɓarawo a falona?"

Sai na ji an ture ni gefe. Umma ce, da tiren shayi. Ta shiga ta ajiye shi a tebur, ta zuba kofi uku ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ba, sannan ta miƙe tsaye.

"Ba sai an kafa kwamiti ba, Malam. Ni ce."

Farfesa Tsimi ya ɗago. Ya dube ta, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bakinsa ya buɗe. "Mai... Mai Tafireta?"

"Ashe ka gane ni. Na ɗauka sai an buga ni a babbar takarda."

Baba ya ce, "Ke, me kike faɗa haka?"

"Abin da ya kamata in faɗa maka tun tuni, ka yafe ni." Ta juya ga baƙon. "Uku ga wata, Malam. Ka tuna abin da ka yi alkawarin yi ranar? Mahaifina ya fasa tafiya, ya sa rigar fita, ya zauna tun azahar yana jiran ka zo neman aurena. Ni ina ofis ina buga takardar sashenka cikin murna. Sai ga 'yar takarda ka aiko. Har yau na haddace ta. 'Ki gaggauta buga takardar, ita ce mai muhimmanci. Ɗaya zancen ya jira kwana biyu.'"

Gwaggo ta matso bayana tana leƙe.

"Ka ce in jira kwana biyu. Na ce to, sashenka ma ya jira kwana biyu."

"Amma... amma ai na zo daga baya," in ji Farfesa Tsimi.

"Ka zo bayan wata bakwai. Ka tarar an ba da kujerar."

Baba ya daɗe yana kallon Umma. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Huɗun nawa fa? Shi ma reza ce?"

"A'a. Kai ka ce huɗu, ka zo huɗu. Ko minti ba ka ƙara ba."

Baba ya dafa hannun kujera ya miƙe. Ya juya ya kama firam ɗin da hannu biyu, ya ɗaga shi daga ƙusa. Mai Kwat ya zabura zai taimaka, Baba ya ce, "Zauna, ka yi naka aikin." Ya kifa firam ɗin a kan tebur kusa da shayin.

"Ka ci, Tsimi. Sashenka ne wa. Je ka sa a shafin farko, da manyan haruffa." Ya gyara rigarsa. "Ka ɗauki kwana ɗayan. Ni na riƙe mai tafiretar."

Gwaggo ta saki wata shewa a bayana da ta tona mana asiri gaba ɗaya.

Farfesa Tsimi ya tattara takardarsa, ta ƙi shiga ambulan, ya naɗe ta kamar tabarma. Ko shayin bai taɓa ba, karo na farko a tarihin tsangaya da ya bar abin kyauta. Mai Kwat ya bi shi da sanda. Aka tashi daga zaman neman aurena ba a ambace ni ba sai a matsayin sakatariyar kwamiti.

A bakin mota ya tsaya, ya dawo da sauri ya same ni a baranda.

"Malamata, wallahi ban san yau zai fito da ita ba. Kuma ban san Umma ce ba."

"Amma ka san Baba ne."

"Ki fahimce ni. Takardun ƙarin girmana shekara biyu suna kan teburinsa. Da na nuna masa, a ranar ya sa hannu. Don mu na yi. Kuma ai hujja ce ta ilimi, ko ba jima sai ta fito. Bari ƙura ta lafa, nan da kwana biyu sai mu dawo a yi ɗaya zancen."

Kwana biyu. Ɗaya zancen. Na rantse muku haka ya faɗa, kamar a sashen nasu darasi ne da ake koyarwa a shekarar farko. Farfesa ya danna hon, ya ruga.

Da na koma falo, Baba yana zaune shi kaɗai. A bangon saman kansa wurin firam ɗin ya fita fes, fari mai kusurwa huɗu a tsakiyar fentin da ya dafe. Duk maganar da ya yi mai daɗi ce, amma kallo ɗaya na yi masa na ga ya tsufa. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe min."

"Gaskiya kika tono, aikinki ne. Ki rubuta uku a littafin, kada ki kankare don ni." Ya cire tabarau. "Abu ɗaya zan tambaye ki. Ke kika ba shi ya kai, ko shi ya ɗauka?"

"Amana na ba shi."

Ya gyaɗa kai. "Na ce sau ɗaya zan gan shi, na kuma gan shi. Amma ba ni zan zauna da shi ba. In kin ce shi, ba zan hana ba."

Da ya hana ni, da na samu wanda zan yi fushi da shi. Ya bar ni da kaina.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da rigata mai ruwan zuma, duwatsun wuyan suna sukata. Gwaggo na kicin tana ba Umma shawara wai a bincika ko akwai saurayi a Labarin Ƙasa, tunda su aƙalla sun san hanya. Waya ta yi ƙara.

"Ki yi hakuri. Ina kaunarki. Kar ki bata ranki."

Ko ƙugiya ɗaya babu. Na karanta, na tuna ruwan ɗumin, na tuna 'yan takardun ƙarƙashin kofi da na tara a cikin akwatin sarƙata, na yi kuka sosai, kwalliyar Gwaggo ta wanke tas. Sannan na share fuska. Na danne harafin k har ƙugiyarsa ta fito, na zaɓe ta da kyau, na rubuta kalma biyu.

"Mun ƙare."

Na tura. Alamun suka yi shuɗi. Yana rubutu, ya tsaya, yana rubutu, ya tsaya. Umma ta turo ƙofa ta shigo, ta zauna kusa da ni, ta leƙa wayar ta ga ƙugiyar a wurinta, ta gyaɗa kai. Sai ga amsarsa.

"Malamata wayata ba ta nuna harafin farko na kalma ta biyu ba, akwati kawai nake gani. Me kika ce?"

Na dubi Umma. Shekara biyu na soyayya, ga ƙofa wayarsa ta bar min a buɗe. Ina iya cewa kuskure ne, ya wuce.

Umma ta buɗe jakarta, ta ciro koren biron, ta ɗora min a cinya.

"Ni da reza na yi nawa, na ɓoye shekara arba'in," in ji ta. "Ke ko me za ki ce masa, ki rubuta a takarda, da hannunki, yadda ba zai ce bai gani ba."

Ta fita ta ja min ƙofa. Takardar tana gabana yanzu, biron yana hannuna, saƙonsa na huɗu ya shigo yana tambaya ko ya kira. Na rubuta "Mun". Biron Umma, duk tsufansa, bai ƙafe ba.